Wa Ke da Makarantar? Tarihi da Mulkin Gundumar Sakandare ta 214 a Gefen Shikago

"Assalamu alaikum Malam. Ni da maigidana mun tare a Mount Prospect da ke gefen Shikago wata bakwai da suka wuce. Na je sa yara makaranta, sai aka ce ƙananan suna gunduma ɗaya, babban kuma da zai shiga aji tara yana wata gunduma dabam mai lamba 214, kowacce da ofishinta da takardunta. Na tambaya ko ofishin magajin gari ne ke kula da su, aka ce a'a. Ko ma'aikatar ilimi ta jiha, aka ce ba kai tsaye ba. To wa ke da waɗannan makarantu, wa ke naɗa shugabanninsu, kuma daga ina kuɗin ke fitowa? Maƙwabciyata ta ce in riƙa zuwa taronsu, amma ni ban ga abin da baƙuwa irina za ta je yi ba."

Wa alaikumus salam Hajiya, barka da zuwa, Allah ya sa an shigo a sa'a. Tambayoyinki uku ne a dunƙule: me ya sa aka raba sakandare da firamare, wa ke riƙe da ragamar, sannan wa ke biyan kuɗin. Na daɗe ina aiki a ofishin kuɗi na wata gundumar makarantu a gefen Shikago, kuma kusan duk shekara idan an buɗe rajista sai na zauna da iyalai 'yan'uwanmu ina taya su cike takardu. Ruɗanin da kika shiga kusan kowa sai ya shige shi, domin mu abin da muka saba da shi a gida shi ne makarantar gwamnati reshe ce ta ma'aikata. Kwamishina na sama, hukumar ilimin bai ɗaya ko ta sakandare na biye, sakataren ilimi na ƙaramar hukuma na ƙasa, shugaban makaranta kuma yana jiran takarda daga can. A nan ba haka abin yake ba. Gundumar makarantu gwamnati ce mai zaman kanta. Tana da iyakarta, da zaɓaɓɓun shugabanninta, da ikon sa haraji, da ikon cin bashi, kuma magajin garin Mount Prospect ba shi da ikon korar ko mai shara a cikinta.

Tushen abin

Kundin tsarin mulkin Amurka bai ambaci ilimi ba ko sau ɗaya, saboda haka ilimi ya faɗa hannun jihohi. Jihohin kuma tun farko ba su riƙe abin a hedikwata ba, sun miƙa shi ga mazauna kowane yanki. A 1785 aka yi dokar auna filaye wadda ta yayyanka ƙasashen yamma zuwa murabba'ai, kowane mil shida ta kowane gefe. Irin wannan murabba'i shi suke kira tawunshif. An kasa kowane ɗaya kashi 36, aka ware kashi na 16 domin makaranta: a sayar ko a ba da haya, kuɗin ya tafi karatun yaran wurin. Ki riƙe wannan kalma ta tawunshif, domin ita ce a cikin cikakken sunan gundumar ɗanki har yau, wato Gundumar Sakandaren Tawunshif ta 214.

Makarantun farko ƙanana ne ƙwarai, ɗaki ɗaya, malami ɗaya, yara daga aji ɗaya zuwa takwas duk a tare. Manoma 'yan ƙalilan za su haɗu su gina, su zaɓi mutum uku su riƙa kula da ita, shi ke nan an sami gunduma. Irin wannan ne ya sa a shekarun 1940 jihar Illinois, wadda kuke ciki, ita kaɗai tana da gundumomin makarantu kusan 12,000.

Matsala ta taso ne lokacin da mutane suka fara son karatun da ya wuce aji takwas. Sakandare na bukatar malamin lissafi dabam, na kimiyya dabam, da ɗakin gwaje-gwaje, da babban gini. Ƙauye ɗaya ba zai iya ba, kuma babu ƙauyen da ya yarda ya saki 'yar makarantarsa ta firamare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma kowa na son ɗakinsa. Mafitar da Illinois ta samo ita ce a bar kowane ƙauye da firamarensa, sai a shimfiɗa wata sabuwar gunduma mai faɗi a kansu duka, wadda aikinta sakandare kawai. Garin Princeton ne ya fara buɗe irin wannan makaranta a 1867. A 1874 kotun ƙolin jihar Michigan ta yanke hukunci a shari'ar Kalamazoo cewa halal ne a karɓi haraji domin sakandare, hukuncin da ya ƙarfafa gwiwar sauran jihohi. Evanston ta kafa tata a 1883, New Trier ta buɗe a 1901. Shi ya sa har yanzu gundumomin Illinois iri uku ne: na firamare zalla, na sakandare zalla, da waɗanda suka haɗa duka biyun. Jimillarsu yau ta haura 800. Ke kin sauka ne a yankin da aka raba.

Yadda aka haifi 214

Wannan ɓangaren ina son ki karanta shi da kyau, domin ya shafi maganarki ta ƙarshe, ta zuwa taro. An kafa gundumar ne a 1914, ta hanyar ƙuri'ar jama'a a Arlington Heights, garin da ke maƙwabtaka da naku, da kewaye. A lokacin yankin gonaki ne, kuma manoma da yawa ba su ga dalilin da za a ɗora wa gonakinsu haraji domin yaran cikin gari su yi karatu mai zurfi ba. Shekara ɗaya kafin nan, a 1913, Illinois ta ba mata damar jefa ƙuri'a a wasu zaɓuɓɓuka. Da aka ƙirga, ƙuri'un mata ne suka rinjayar da abin. Masu adawa suka garzaya kotu suna ƙalubalantar sakamakon, magana ta kai kotun ƙolin jiha, gundumar ta tsira. Makarantar sakandare ta Arlington ta sami gininta a 1922. Wato makarantar da ɗanki zai shiga, iyaye mata ne suka tsaya aka samar da gundumar da ta haife ta, a zamanin da ba su ma da ikon zaɓen shugaban ƙasa a yawancin jihohi.

Lambar 214 kuwa ba ta da alaƙa da shekarar kafawa, lambar rajista ce. A lardin Cook, inda Shikago da garinku suke, gundumomin sakandare galibi lambobinsu na cikin ɗari biyu da wani abu: Evanston 202, New Trier 203, maƙwabciyarku ta Palatine da Schaumburg 211.

Bayan ginin 1922, shekara 35 gundumar ta ƙara yi da makaranta ɗaya tak. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne komai ya canza. Sojoji suka dawo, gwamnati ta sauƙaƙa bashin sayen gida, filin jirgin O'Hare ya fara ɗaukar fasinja a 1955, babbar hanyar arewa maso yamma ta buɗe a 1958, magina suka saye gonaki suka mayar da su unguwanni. Arlington Heights da ba ta kai mutum 9,000 ba a 1950, ta haura 64,000 a 1970. Garuruwa irin su Rolling Meadows da Elk Grove Village a tsakiyar shekarun 1950 aka kafa su daga fili fetal. Yara kuwa kamar da bakin ƙwarya. Gundumar ta shiga gini ba ƙaƙƙautawa: Prospect a 1957, Forest View a 1962, Wheeling a 1964, Elk Grove a 1966, Hersey a 1968, Rolling Meadows a 1971, Buffalo Grove a 1973. Makarantu bakwai cikin shekara 16, kuma da kuɗin mazauna yankin aka gina su, ta hanyar bashin da suka amince a ciwo su kuma biya da harajinsu.

A tsakiyar shekarun 1970 ɗalibai sun haura 19,000. Daga nan haihuwa ta ragu, waɗanda suka sayi gidajen suka tsufa a cikinsu, azuzuwa suka fara zama wayam. Hukumar gundumar ta yanke shawara mafi ɗaci a tarihinta: ta rufe Arlington, uwar makarantun, a 1984, sannan ta rufe Forest View a 1986. Ginin Forest View shi ne yanzu hedikwatar gundumar, can ake zaman hukumar, can kuma ake darussan manya. Idan kika haɗu da dattijon da ya yi Arlington, ki tayar masa da zancen ki gani, har yau abin na masa ciwo. Yanzu makarantu shida ne manya, da ɗalibai wajen 12,000, daga garuruwa takwas. Yaran suna zuwa ne daga gundumomin firamare da dama, irin su 25 ta Arlington Heights, 21 ta Wheeling, 57 ta Mount Prospect, 59 ta ɓangaren Elk Grove, da 23 da 26, da wani yanki na 15. Garinku kansa a yayyanke yake tsakanin gundumomin firamare fiye da ɗaya, don haka ban iya ce miki ga wadda ƙanananki suke ba sai na ga adireshi. Iyakar gari dabam, iyakar makaranta dabam.

Mutum bakwai

Masu iko da gundumar mutum bakwai ne da mazauna yankin ke zaɓa. Wa'adinsu shekara huɗu, ba sa karɓar albashi ko sisi, kuma ba a rubuta sunan jam'iyya a gefen sunansu a takardar ƙuri'a. Ana zaɓen ne a watan Afrilu na shekarun mara, kamar 2023 da 2025, kuma ba a sauya su gaba ɗaya: wannan karo uku, karo na gaba huɗu, domin kada a wayi gari babu wanda ya san kan aikin. Duk ɗan ƙasa mai shekara 18 da ya yi shekara ɗaya a yankin kuma yake da rajistar zaɓe zai iya tsayawa, abin da ake bukata sa hannun masu zaɓe kaɗan ne. Waɗanda na gani a irin kujerun nan mutane ne na yau da kullum: akanta, ma'aikaciyar jinya, tsohon malami, uwar da ta fara daga ƙungiyar iyaye.

Abin da mutane suka fi kuskurewa shi ne ɗaukar ɗan hukuma ɗaya a matsayin mai iko. Ba shi da shi. Ikon na hukumar ne idan ta zauna a taro ta kaɗa ƙuri'a. Ɗan hukuma ba zai shiga makaranta ya ce a canza wa yaro aji ba, ba zai ce a ɗauki ɗan'uwansa aiki ba. Babban aikin hukumar shi ne ɗaukar mutum ɗaya, wanda suke kira sufuritanda, kusan kwatankwacin sakataren ilimi a wurinmu amma da iko mai yawa. Shi ke tafiyar da komai na yau da kullum, shugabannin makarantu a ƙarƙashinsa suke. David Schuler ya riƙe wannan kujera a 214 daga 2005 zuwa 2023, lokacin da gundumar ta yi suna wajen haɗa karatu da koyon sana'a, inda yaro zai zaɓi fanni kamar aikin jinya ko injiniya ko koyarwa, ya je aikin gwaji, ya kuma tara makin kwaleji tun yana sakandare. Scott Rowe ne ya gaje shi. Bayan ɗaukar sufuritanda, hukumar ce ke amincewa da kasafin kuɗi, da yawan harajin da za a nema, da yarjejeniyar albashi da ƙungiyar malamai, da manhaja, da kalandar shekara, da iyakar kowace makaranta.

Jiha ba ta tsame hannunta gaba ɗaya ba. Majalisar dokoki da ke Springfield, babban birnin jihar, ita ce ke tsara dokar makarantu, hukumar ilimi ta jiha ce ke ba malamai lasisi, tana sa mafi ƙarancin darussan da za a ci kafin a kammala, tana shirya jarrabawar jiha. Gwamnatin tarayya kuma tana shigowa ta ƙofar haƙƙin yara masu bukata ta musamman, da tallafin yaran talakawa, da hana wariya, amma kuɗinta ɗan kaɗan ne a kasafin irin wannan gunduma. A cikin birnin Shikago kansa labarin dabam ne: daga 1995 magajin gari ne ya riƙe cikakken iko da makarantu, sai a Nuwamba 2024 aka fara zaɓen wasu daga cikin 'yan hukumar. Mai yiwuwa abin da ya sa kika zaci magajin gari ne ke nan.

Doka ta tilasta a yi zaman hukumar a bainar jama'a, a kuma liƙa jerin abin da za a tattauna aƙalla awa 48 kafin taron. Ana shiga sirri ne kawai a kan abubuwa ƙayyadaddu, kamar ladabtar da ɗalibi, ko maganar ma'aikaci, ko shari'a, kuma ko da an tattauna a ɓoye, ƙuri'ar ƙarshe a fili ake kaɗa ta. A 2006 wata 'yar hukumar 214 ta nemi a cire wasu littattafai daga jerin karatun ɗalibai saboda abin da ke cikinsu. Ɗaruruwan mutane suka cika zauren, iyaye da ɗalibai suka yi ta magana har dare ya raba, a ƙarshe aka kaɗa ƙuri'a shida da ɗaya aka bar littattafan. Ko wane ɓangare mutum yake goyon baya, abin lura shi ne a gaban iyaye aka yanke hukuncin, ba a wani ofis mai nisa ba.

Kuɗin

Nan ne fagena, kuma nan ne zuciyata ta rabu biyu game da wannan tsari.

Mafi yawan kuɗin gunduma irin 214 daga harajin gidaje da filaye da shaguna da masana'antu yake fitowa. Idan kika ga takardar harajin gida a yankinku, za ki tarar da jerin hukumomi: lardi, gari, ɗakin karatu, wuraren shaƙatawa, kwalejin Harper, gundumar firamare, gundumar sakandare. Makarantu ne ke kwashe fiye da rabi. Kada ki ce ku 'yan haya ne abin bai shafe ku ba, mai gida ya riga ya zuba harajin a cikin kuɗin haya.

Ga yadda lissafin ke tafiya. Shekarar kuɗi na farawa ranar 1 ga Yuli. Ana baje daftarin kasafi kwana 30 kowa ya duba, a yi zaman jin ra'ayi, a amince da shi kafin ƙarshen Satumba. A Disamba hukumar ke sanar da lardi adadin dalolin da take bukata. Ki lura, ba ta cewa a karɓi kashi kaza cikin ɗari, adadin kuɗi take faɗa. Ofishin lardi ne zai ɗauki wannan adadi ya raba shi a kan jimillar darajar duk kadarorin da ke cikin iyakar gundumar, abin da ya fito shi ne ma'aunin da kowa zai biya. A lardin Cook ana sake kimanta kadarori duk shekara uku, kuma gidan zama ana lissafa shi a kan kashi 10 na darajarsa, wurin kasuwanci kuma kashi 25. Hukumar ba ta da ikon ƙari yadda ta ga dama: akwai dokar da ta fara a 1991, ta iso lardin Cook 'yan shekaru bayan haka, wadda ta ce ƙarin shekara ba zai wuce hauhawar farashi ko kashi 5 ba, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Idan ana son fiye da haka, sai an koma wurin jama'a da ƙuri'ar raba gardama.

Yanzu ki kwatanta gundumomi biyu da ke bukatar kuɗi daidai wa daida. Ɗaya tana da masana'antu da manyan kantuna da gidaje masu tsada, ɗayar masana'antunta sun rufe, gidajenta sun faɗi daraja. Ta farko za ta tara abin da take so da ma'auni mai sauƙi. Ta biyu sai ta matse mutanenta da ma'auni mai nauyi, kuma duk da haka ba za ta cim ma ta farko ba. 214 na cikin masu sa'a, domin rukunin masana'antun Elk Grove Village, ɗaya daga cikin mafi girma a Amurka, yana cikin iyakarta. A kudancin lardin guda kuwa, garuruwa irin su Harvey da Ford Heights suna biyan ma'auni mafi tsanani, makarantunsu na fama. Shekaru na yi ina kallon waɗannan alƙaluma, kuma ban taɓa samun hujjar da ta gamsar da ni cewa adalci ne rabon yaro ya dogara da darajar gidan da iyayensa suka iya kamawa ba. Iyakar da manoma suka zana domin su haɗa ƙarfi, ita ce yau ta zama katangar da ke hana arziki tsallakawa.

An kai ƙara a kan haka. A 1973, a shari'ar wata gunduma ta San Antonio, kotun ƙolin Amurka ta ce ilimi ba haƙƙi ne da kundin tarayya ya lamunce ba, don haka wannan bambanci bai saɓa masa ba. A 1974, a shari'ar Detroit, ta ce ba za a tilasta wa gundumomin gefen birni shiga shirin kawar da wariyar launin fata na cikin birni ba, sai an tabbatar da hannunsu a wariyar. Waɗannan hukunce-hukunce biyu su suka ƙara wa iyakar gunduma ƙarfi. Kundin Illinois na 1970 ya ce jiha ce ke da babban alhakin ɗaukar nauyin ilimi, amma kotun jihar ta fassara wannan a matsayin buri, ba umarni ba. Gyara na gaske ya zo a 2017, lokacin da gwamna Bruce Rauner ya sa hannu a dokar da ke lissafa abin da kowace gunduma ke bukata gwargwadon irin yaranta, ta kasa gundumomi mataki huɗu, ta tura kusan duk sabon kuɗin jiha ga waɗanda suka fi nisa da abin da ya kamata. An ci gaba, amma giɓin bai rufe ba.

Idan kina son ganin yadda gunduma ke kare aljihunta, ga misali a ƙofar gidanku. A 2023 ƙungiyar ƙwallon Chicago Bears ta sayi tsohon filin sukuwar Arlington Park, eka 326, a kan dala miliyan 197 da 'yan kai. Nan take gardama ta tashi a kan darajar da za a yi wa filin domin haraji. Waɗanda suka ja daga da ƙungiyar su ne gundumomin makarantu uku, 15 da 211 da 214, domin duk dalar da aka rage wa filin, ko dai makaranta ta rasa ta ko masu gidaje su cike. Sai a Disamba 2024 aka cim ma matsaya.

Me ya hana a haɗe su?

Tambayar da kowa ke yi ke nan idan ya gane tsarin, kuma tana da ma'ana. Kowace gunduma da sufuritandanta, da ofishin kuɗinta, da lauyoyinta. Abin da ya fi wannan damuna shi ne yaran da ke shigowa aji tara daga gundumomin firamare mabambanta, kowanne da inda ya tsaya a lissafi. A 2011 gwamna Pat Quinn ya nemi a rage gundumomin jihar zuwa wajen 300. Kwamitin da mataimakiyarsa Sheila Simon ta jagoranta ya gano cewa haɗewar dole za ta ci kuɗi masu yawa, babban dalili kuwa shi ne malaman sakandare sun fi na firamare albashi, idan an haɗe sai an ɗaga na ƙasa. Ga kuma mutane da ba sa son sakin abin da suke ganin nasu ne. Suna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a wannan ban ƙi tasu ba. Na ga ƙorafin uwa ɗaya a kan tashar motar makaranta ya isa kunnen masu yanke hukunci cikin mako guda, abin da a babbar ma'aikata zai ɓace a cikin fayil.

Abin da ya rage gare ki

Duk abin da na faɗa tsarin Illinois ne. Idan kuka koma Maryland ko Virginia za ku tarar lardi guda ne ke riƙe da makarantu duka, a Hawaii kuwa jihar gaba ɗaya gunduma ɗaya ce. Ni kuma ta ɓangaren kuɗi na san aikin, ba malamin aji ba ne ni, ba kuma lauya ba. Idan magana ta kai ga shari'a ko kora daga makaranta, ki nemi mai wannan sana'a.

Maƙwabciyarki ta yi gaskiya. Jefa ƙuri'a sai ɗan ƙasa, amma shiga taro da yin magana a cikinsa ba a tambayar fasfo. Ana ware lokaci na jama'a, kowa ya sami 'yan mintoci. Zaɓen Afrilu mutane kaɗan ne ke fitowa, yawancin tarurruka kuma kujeru a wofi suke, don haka uwar da ta zo sau uku a jere sai an san fuskarta. Sai dai ki bi matakai: matsalar aji ki fara da malami, sannan mai ba ɗalibai shawara, sannan shugaban makaranta, sannan sufuritanda. Hukumar wurin maganar ƙa'ida ce da ta shafi kowa, kamar ranar hutu ko abincin makaranta ko iyaka. Idan kika kai mata ƙorafin yaro ɗaya, za a mayar da ke ƙasa.

Akwai haƙƙoƙin da ya kamata ki sani tun yanzu. Tun hukuncin kotun ƙoli na 1982, makarantar gwamnati ba ta da ikon ƙin yaro saboda takardun shige da fice. Abin da za a nema shi ne shaidar cewa a cikin iyakar kuke zaune, kamar yarjejeniyar haya da takardar wuta, kuma wannan ana bincikensa da gaske. Kada ki yarda wani ya ba ki shawarar aron adireshi. Na san iyalin da suka yi haka da kyakkyawar niyya, aka gano, aka cire yaron a tsakiyar shekara, aka kuma bi su kuɗin makaranta. Dokar Illinois ta amince yaro ya yi fashi saboda ranar ibada kamar Sallah, kuma dole a ba shi damar rama jarrabawar da ta wuce shi, ki dai rubuta wa makaranta kafin ranar. Tun 2021 doka ta ba 'yan mata damar sa hijabi da dogon wando a kayan wasanni ba tare da neman izini na musamman ba. Idan Turanci na yi miki nauyi a ganawa da malamai, ki nemi tafinta, haƙƙinki ne.

Game da babban naki, abu mafi gaggawa shi ne matakin da za a sa shi a lissafi da Turanci da kimiyya. Yaran da suka taso a nan ana tantance su tun aji takwas, wanda ya zo daga waje kuwa sau da yawa akan fara shi daga ƙasa saboda ba a san makarantar da ya baro ba. Ki tafi da sakamakonsa na gida duka, ki nemi ganin mai ba shi shawara, ki tambaya kai tsaye ko za a yi masa gwajin tantancewa. Matakin lissafin da ya fara da shi a aji tara shi ke yanke inda zai kai a aji sha biyu, kuma canza shi ya fi sauƙi a makonnin farko. Sannan duk ranar da za ku sake gida, kafin maigida ya sa hannu a takardar haya, ki kira ofishin rajista na gundumomin biyu ki karanta musu lambar gidan da sunan titin, domin a Mount Prospect tsallaka titi ɗaya na iya canza wa yaro makaranta.